Mari Ba Ya Gyara Yaro

Daga Wakilinmu na Arewa, Jos

A unguwar Rikkos ta nan Jos akwai wani saurayi tela wanda ba a ganinsa a shago sai da safa a ƙafa, ko da rana ta take. Mutane suna tsammani sanyin Jos ne, alhali kuwa tabon mari yake ɓoyewa. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne a Kurmi. Da labari ya kai masa cewa yaron ya faɗa shan maganin tari, sai ya aiko da kuɗi aka kai shi wani gidan horo a wata jiha. Ya yi fiye da shekara a can. Uban bai taɓa fashin aika kuɗin wata ba, amma ko sau ɗaya bai je ya leƙa ba.

To, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, wannan magana taku ce, domin da yawa cikinku kun baro 'ya'ya a gida, kuma in yaro ya gagara, shawarar da ake fara kawo muku ita ce gidan mari.

Abin da ke cikin irin waɗannan gidaje ya fito fili ranar Alhamis, 26 ga Satumba, 2019, sa'ad da 'yan sandan Jihar Kaduna, a ƙarƙashin Kwamishina Ali Janga, suka shiga wani gida a Rigasa mai sunan makarantar addini. Suka fito da mutum fiye da 300, manya da ƙananan yara, waɗansu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk shatar bulala. Waɗansu suka shaida wa hukuma cewa an yi ta barinsu da yunwa, har an yi lalata da su. Aka kama mutum bakwai.

Daga nan sai asiri ya yi ta tonuwa. A watan Oktoba aka fid da mutum 67 a Daura, aka kuma fid da 147 a wani gidan na Rigasa, cikinsu har da mata. Gwamnatin Kano ta ba da umurni a rufe gidajen mari na jihar. Kada kuma a ce abin na Arewa ne kaɗai: a watan Nuwamba 'yan sanda suka kuɓutar da mutum 259 a unguwar Ojoo ta Badun.

Mafi yawan waɗannan bayin Allah iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba, rashin mafita ne. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi shaye-shayen ƙwaya a ƙasar nan cikin shekara guda, likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su taka kara sun karya ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Amma fa shaye-shaye ciwo ne, sarƙa kuwa ba magani ba ce. Tana hana yaro kaiwa ga kwalba muddin yana ɗaure, ba ta taɓa dalilin da ya kai shi. Ranar da aka kwance shi sai ya fito da tsohon ciwonsa, ga sabo an ɗora masa: firgita cikin barci, tsoron ɗaki a kulle, da ƙullatar iyaye.

Telan nan na Rikkos abu uku ne suka tashe shi. Kawunsa ya kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ya yi watanni yana zuwa. Wani maigida ya karɓe shi koyon ɗinki, bai taɓa yi masa gori ba. Sa'an nan uban ya taso takanas daga Kurmi, ya zauna ya saurari ɗansa, ya nemi gafararsa. Wannan na ukun shi ya fi wuya, kuma shi ya fi aiki.

Doka ma ta sake. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tabbatar wa majiyyaci haƙƙinsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau a Kano. Ku da ke Kudu kuna da na Yaba a Ikko da na Aro a Abeokuta. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali.

Saboda haka, kafin ka miƙa ɗanka ga kowa, je da ƙafarka. Nemi takardar izinin hukuma. Ka ga inda zai kwana da abin da zai ci. In aka ce ba za ka gana da shi ku biyu kaɗai ba, ɗauki abinka ka tafi. Gani ya kori ji, kuma ɗa amana ne, ba a aika amana da kuɗin mota kawai. Allah ya shirya mana zuriya, amin.