Jinyar Iyaye: Kada A Bar Wa Mutum Ɗaya

A cikin birnin Zazzau, daga Kwarbai har Limancin Kona, da wuya ka ratsa unguwa ba ka tarar da gidan da ake jinyar tsoho ko tsohuwa ba. Yawanci hawan jini ne ko ciwon suga, waɗanda sai dai a yi ta lallaɓa su da magani har ƙarshen rayuwa. In hawan jinin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki kuwa, gidan duka ya shiga jinya ke nan.

Haka ta faru da Babanmu. Da farko zaure ya cika da 'yan dubiya, kowa na cewa "Allah ya sa kaffara ce." Da tafiya ta yi nisa sai ƙafa ta ɗauke, aiki ya rage wa Inna da ƙanwata. Su ke juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito masa, su dafa masa abinci mai ƙarancin gishiri, su ba shi magani a kan lokaci. Da muka ga Inna na ramewa, sai Yaya ya tara mu aka raba aiki: wanka da kwanan dare na maza ne, ni ke kai shi asibitin Shika ganin likita, waɗanda ke Kaduna da Abuja su turo kuɗin magani duk wata.

Mutanen Japan sun daɗe da sanin wannan nauyi, domin kusan kashi 29 cikin 100 na jama'arsu sun kai shekara 65. A da, matar babban ɗa ce ke jinyar surukanta. A 2000 gwamnatinsu ta kafa inshorar kula da tsofaffi: duk wanda ya kai shekara 40 yana zuba kuɗi, ana kuma tura ma'aikata gida su taimaka da wanka da abinci. Doka ta ba ma'aikaci hutun jinya har kwana 93. Duk da haka, kimanin mutum 100,000 ke ajiye aiki kowace shekara saboda jinyar dangi, akasarinsu mata.

Mu ba mu da irin wannan tsari, amma Allah ya ba mu dangi da maƙwabta. Don haka in ka je dubiya, ka tambayi mai jinya abin da take buƙata, ka karɓe ta ko na yini ɗaya ne ta samu barci. 'Ya'ya maza, ku sani jinyar iyaye wajibi ce a kanku kamar yadda take a kan 'yan'uwanku mata.