Kafin ka sa wa a-kori-kurarka tayoyin shiga-ko'ina, karanta abin da ke jikinsu

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya san irin bidiyon nan: farar Hilux an ɗaga ta sama, tayoyi masu manyan haƙora, tana keta taɓo ana sakin kiɗa. Da matashi ya samu a-kori-kura a hannunsa, ko ta gado ce, ko ta haɗin gwiwa, ko ta maigida ce yake jigila da ita, abin da ke fara zuwa ransa shi ne ya sa mata irin waɗannan tayoyin.

Haka wani abokina mai ɗauko masara daga ƙauyukan Saminaka zuwa kasuwar Dawanau ya yi bara. Ya samu manyan tayoyi huɗu 'yan Beljiyam a kan kuɗin da bai kai na sababbi biyu ba, ya ɗauki hoto ya ɗora, muka yi ta yi masa barka. Ba a rufa wata biyu ba ta baya ta fashe masa a kan kwalta da tsakar rana, ga lodi cike da bodi. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma buhuna sun watse, rim ya lanƙwashe. Da muka duba jikin tayar, ashe shekararta 11 da ƙerawa. Rubutun yana nan ɓaro-ɓaro tun ranar da ya saya, karantawa ce kawai bai iya ba.

Iri uku ne, kowacce da hanyarta

Tayoyin a-kori-kura sun kasu gida uku, kuma za ka ga haruffan a cikin sunan tayar. HT ta kwalta ce: haƙoranta ƙanana ne a matse, ba ta da ƙara, ba ta jan mai sosai. MT ta laka ce: haƙora manya, da wagegen rami a tsakani don ta riƙa tofar da taɓo. AT ita ce ta tsakiya, wadda nake kira shiga-ko'ina. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ne ya fito da shahararren samfurinta a 1976, yau kuwa kusan duk manyan kamfanoni irin su Bridgestone, Dunlop, Yokohama, Maxxis da Goodyear suna da tasu.

Abin da masu bidiyo ba sa faɗa maka shi ne kowane haƙori da farashinsa. AT ta fi HT nauyi, don haka ta fi shan mai, ta fi ƙara, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta yawanci takan ɗauki tazara mai ɗan tsawo kafin birki ya tsayar da ita. MT kuwa ta fi kowacce wannan matsalar, ga gurnani kamar injin niƙa, ga saurin cinyewa idan kwalta take bi kullum. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ƙarin lita ɗaya a kowace tafiya ba abin wasa ba ne ga mai neman na tuwo.

To, ka yi wa kanka lissafin gaskiya. A cikin tafiya goma da ka yi a watan jiya, nawa ce ta sauka daga kwalta? Idan daga gida zuwa shago ne, sai Kano zuwa Kaduna jefi-jefi, HT ta ishe ka, malam. Idan rabin rayuwarka a hanyar burji take, tsakuwa da kwazazzabai da yashi, nan ne AT ke biyan kuɗinta. MT sai wanda damina ke riskarsa a fadama ko a baƙar laka mai danƙo irin ta yankin Tafkin Chadi.

Ka kuma lura da inda mai bidiyon yake zaune. Ba'amurke zai yabi taya saboda ta iya tafiya a dusar ƙanƙara, har ya nuna maka alamar tsauni mai kai uku a jikinta. Kai da ke fama da zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, wannan yabon bai shafe ka ba.

Lambobin da ke gefen taya

A ce ka ga 265/65R17 112S, wanda shi ne girman da Hilux da yawa na baya-bayan nan ke zuwa da shi. 265 faɗin tayar ne a milimita. 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin. 17 girman rim ne a inci. 112 lambar nauyi ce, ma'ana taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120 idan iskarta ta cika yadda ya kamata. Da 115 ce, kilo 1,215 ke nan, 120 kuwa kilo 1,400. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: S kilomita 180 a awa, R 170, Q 160.

Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda da kamfanin motar ya manna, ɗauke da girman taya da yawan iska. Duk abin da za ka saya, kada lambar nauyinsa ta gaza wadda ke kan takardar nan.

Mai ɗaukar kaya kullum ya nemi wadda aka rubuta LT a gaban lambobinta. An yi ta ne don ƙananan motocin lodi, gefenta ya fi kauri, ta fi jure dutse da kututture. Ana rarraba ƙarfinta da haruffa: C daidai da ninki 6, D ninki 8, E ninki 10. Sai dai fa E ba ta dace da kowa ba. Idan motar fanko take yawo, za ka ji kowane rami a ƙashin bayanka. Kuma LT tana buƙatar iska fiye da tayar gama-gari kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, don haka ka tambayi dila adadin da ya dace da lodinka.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne a ɗauka taya mai ƙarfi ta ƙara wa mota ƙarfi. Irin su Hilux an yi su ne don kayan da bai wuce wajen tan ɗaya ba, har da direba da fasinja. Buhun masara mai kilo 100 guda goma ma ya riga ya cike gejin. Ko wace irin taya ka sa, birki da sifirin da gatarin baya suna nan yadda kamfani ya yi su.

Ranar haihuwar taya

Nan ne abokina ya faɗi. A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga su, sai ka juya tayar.

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma zafi da rana suna gaggauta tsufan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana wayar da kai cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙerawa. Kamfanin Michelin kuma shawararsa ita ce a riƙa kai taya wajen ƙwararre duk shekara da zarar ta yi shekara biyar tana aiki, kuma kada ta wuce goma ko da haƙoranta na nan. Kowanne ka ɗauka, taya mai shekara 11 ba ta da wurin zama a ƙarƙashin lodi.

Tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a Najeriya a tsakanin 2007 da 2008, kasuwarmu ta dogara ne kacokan kan tayoyin waje. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su, amma kowa ya san suna nan jibge a kasuwa. Wasu ana cusa su ɗaya cikin ɗaya don a rage kuɗin dako, abin da ke iya lanƙwasa wayar bakin tayar ba tare da ido ya gani ba. Wasu kuma ana sake yanka musu haƙora da wuƙa mai zafi. Araha dai ba ta ado.

Idan aljihu ya tilasta maka sayen ta hannu, ka duba ranar, ka leƙa cikinta ko an yi mata faci a gefe, ka shafa ka ji ko akwai kumburi, ka nemi ƙananan tsage-tsage a gindin haƙora. A cikin ramukan akwai wasu 'yan tudu da ke nuna zurfin milimita 1.6. Haƙora na zuwa daidai da su, tayar ta suɗe ke nan. Ita AT tun kafin ta kai nan ta daina kama taɓo.

Ƙara girma: ado mai tsada

Daga 265/65R17 zuwa 285/70R17 kamar ƙaramin canji ne a ido, amma tsayin tayar ya tashi daga wajen milimita 776 zuwa 831, ƙarin kusan kashi 7 cikin 100. Mitar gudu za ta nuna maka 100 alhali kana kan 107. Motar za ta yi nauyin tashi, kaloci zai sha wahala a hawa, tayar na iya gogar bodi idan ka karya sitiyari har ƙarshe. Kuma idan motarka mai ja da ƙafa huɗu ce, dole tayoyin su zama girma ɗaya, har da ta ajiya. Haɗa babba da ƙarama yana wahalar da giya.

Bayan ka saya

Ka mallaki gejin iska naka, bai kai kuɗin datar wata ɗaya ba. Ka auna da safe kafin motar ta motsa, domin tayar da ta yi zafi tana nuna lamba fiye da gaskiya. Kada ka bari mai faci ya auna maka da bugun ƙarfe, kada kuma ya cika ta har lambar da ke jikin tayar, wannan iyaka ce ta ƙarshe. Ƙarancin iska tare da lodi da gudu a kan kwalta mai zafi, su ne ke dafa taya har ta tarwatse.

A yashi mai zurfi, irin na hanyoyin arewacin Yobe ko na Damagaram, rage iska yana sa tayar ta shimfiɗu ta daina nutsewa. Amma ka tafi a hankali, kuma kana hawa kwalta ka mayar da iskar, shi ya sa ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota ya fi fitilun ado amfani. Ka riƙa sauya wa tayoyin wuri, na gaba su koma baya, duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, a duba maka alaimen a lokacin.

Abokin nawa ya koma girman da ke kan takardar ƙofa, ya sayi AT sababbi masu LT, biyu a wata ɗaya, biyu a wata na gaba. Motar ba ta yi kwarjinin da ta yi a hoton farko ba, kuma ba wanda ya yi masa barka a Facebook. Yanzu kafin ya tambayi dila farashi, durƙusawa yake yi ya nemi lambobin nan huɗu.