Idan Sakan Ɗaya Ya Haɗa Mutum Ɗari, Wa Ke Gaba?

Bayan ambaliyar da ta afka wa Gummi a daminar 2024, wani ƙanena mai aikin kwamfuta a wata ƙungiyar agaji ya turo mini hoton takardu biyu. Jerin magidanta ne da za a raba wa tallafi, suna hamsin a kowane shafi. Sunan wata tsohuwa ya rufe shafi na uku, ya kuma buɗe na huɗu. Jimilla ta cika cif, ke nan akwai gidan da ya faɗi a tsakani.

"Yaya, wallahi ban taɓa komai ba," in ji shi. "Na sake bugawa, sai wani sunan daban ya maimaitu."

Na yarda da shi, domin na san ciwon. Rumbun bayanai na kwamfuta ba ya riƙe sunaye a layi kamar rijistar asibiti. Sai ka ce masa ya jera, da umarnin da masu harkar ke kira ORDER BY. Ƙanena ya ce a jera bisa lokacin shigarwa. To amma idan sunaye ɗari suka yi kunnen doki a lokaci, rumbun bai yi alkawarin wanda zai sa gaba ba. Duk yadda ya fi masa sauƙi a wannan karon, haka zai kawo su. Kowane shafi kuwa tambaya ce sabuwa: a shafi na uku ya jera ta wata fuska ya yanko hamsin, a na huɗu ya jera ta wata fuskar ya yanko hamsin. Nan suna ke maimaituwa, nan wani ke ɓacewa, ba tare da ko da saƙon kuskure ba.

Ta yaya mutum ɗari za su shiga a sakan ɗaya? A yammacin Zamfara wannan ba abin mamaki ba ne. Ma'aikaci zai yini a ƙauyukan Bukkuyum yana cike fom a waya, da manhaja irin ODK ko KoboToolbox, babu sabis. Sai ya dawo gari a kwashi aikin duka a zuba a rumbu tashi ɗaya. Wanda ya zauna a jihar a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya saboda matsalar tsaro, ya san yadda aiki ke taruwa. Rumbun PostgreSQL, alal misali, idan aka nemi ya buga lokacin yanzu, lokacin fara zubin yake manna wa duk abin da ya shiga a zubi guda. Shi kuma MySQL, in ba a ce masa ya riƙe ɓurɓushin sakan ba, cikakken sakan kawai yake ajiyewa.

Wasu na ganin maganin shi ne a ƙara wa agogon kaifi, a raba sakan gida dubu. Wannan rage zafi ne kawai. Agogon wayoyi ma ba sa tafiya daidai da juna. Maganin gaskiya shi ne a ba rumbun abin raba gardama: a jera bisa lokaci, in an yi kunnen doki a koma ga lambar da kowane suna ke da ita shi kaɗai. Kuma maimakon a ce masa ya tsallake ɗari da hamsin ya kawo na gaba, gara a ce ya ci gaba daga lambar da aka tsaya. Sannan a ware lokacin da aka ga mutum da lokacin da aka shigar da shi, don ba abu ɗaya ba ne.

Abin da ya sa batun ke taɓa ni, ƙasar nan ta san nauyin layi. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. A lokacin, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na ba da maganin fitar da gubar ga yaron da awon jininsa ya kai 45. Ƙaramar na'urar awo ta LeadCare II kuwa iyakarta 65, abin da ya haura sai dai ta nuna ya yi yawa, kuma yara da dama sun haura. A takarda duk sun zama ɗaya, alhali wani ya fi wani kusa da suma. A irin wannan hali lambar rijista ba ta isa raba gardama ba. Sai an ƙara awo, an duba shekarun yaro da ko ya fara farfaɗiya. Lamba tana hana suna ɓacewa ne kawai, amma wanda ya cancanci gaba, mutum ne zai faɗa wa kwamfuta ma'auninsa.

Ƙanena ya ƙara lambar rijista a umarninsa, ya buga jerin sau uku, duk suka fito iri ɗaya. Gidan da ya faɗi na wani magidanci ne mai iyali tara, kuma washegari sunansa na shafi na huɗu, layi na farko.