Gaskiya ko Jita-jita: Wai Fina-finan Dā Ba Ruwansu da Siyasa?

A Magama ta Jibiya, inda direbobin manyan motoci kan kwana suna jiran takardun tsallakawa Ɗan Isa, wani mai shayi ya ɗora talabijin a kan kwalin madara. Sholay ake nunawa, an gan shi har an haddace. Da 'yan sanda suka ƙwace ɗan fashi Gabbar Singh daga ƙarƙashin ƙafar Thakur, wani dattijo ya ajiye kofinsa ya dube ni. "Ka ga fim ɗin dā, yaro? Mugu ƙarshensa hannun hukuma. Ba ruwansu da siyasa."

Na girmama furfurar Baba, amma wannan magana jita-jita ce.

Ba haka darakta Ramesh Sippy ya ɗauki ƙarshen fim ɗin ba. A nasa tsarin, Thakur, tsohon ɗan sandan da aka sare wa hannaye biyu, shi ne ya tattake Gabbar da takalmi mai ƙusoshi har ya mutu. Fim ɗin ya fito ranar 15 ga Agusta 1975, makonni kaɗan bayan Indira Gandhi ta ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a Indiya, lokacin da ake cusa 'yan adawa kurkuku, jaridu kuma ba su da bakin magana. Hukumar tace fina-finai ta ƙi yarda a nuna tsohon jami'i yana ɗaukar doka a hannunsa, dole aka sake ɗauka. 'Yan sandan nan da suka burge Baba, gwamnati ce ta turo su.

Amurka ma ta yi irin wannan. Daga 1934 aka tsaurara ƙa'idar Hays, wadda ta hana a nuna mai laifi ya ci riba.

Akwai kuma masu cewa waɗannan fina-finai ne suka koya wa matasa fasa-ƙwauri. Nan na fi so a tsaya, don Jibiya ta san zancen fiye da kowa. A Deewaar na Yash Chopra, shi ma 1975, Amitabh Bachchan ya fito a Vijay: ɗan shugaban ƙungiyar ma'aikata da aka tozarta, ya yi sana'ar goge takalmi, ya yi dako a tashar jiragen ruwan Bombay, sannan ya faɗa fasa-ƙwaurin zinariya. Ana danganta labarin da rayuwar ɗan fasa-ƙwauri Haji Mastan, wanda shi ma daga dako ya fara. Mastan ya riga fim ɗin shahara. Abin da ya ƙosar da irinsa shi ne takunkumin da Indiya ta sa wa zinariya, har da dokar 1968, wanda ya sa kuɗinta a gida ya zarce na waje nesa ba kusa ba.

Wanda ya ga abin da ya faru bayan rufe iyaka a Agusta 2019 ba ya buƙatar bayani. Shinkafa ta yi tsada, babura suka dinga ratsa daji da buhuna cikin dare, kuma yawancin yaran da ke tuƙa su ba su taɓa jin sunan Vijay ba.

Tasirin kallo dai akwai shi, ban musa ba. Tun 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi fim a kan saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauyensu. Hula da tafiyar ƙasaita allo kan ara wa yaro. Amma Vijay bai mutu yana attajiri ba: ƙanensa ɗan sanda ne ya harbe shi, ya cika a cinyar uwarsa.