Kafin ka yarda cewa madabod ɗin tsohuwar kwamfutarka ya mutu

A daminar bara, wata safiyar Litinin, na kunna tsohuwar kwamfutar tebur da ke ɗan ofishinmu a kara. Fanka ta tashi, fitila ta kama, amma monita baƙi ƙirin, sai wani ƙara ɗil-ɗil-ɗil daga cikin akwatin. A cikinta nake rubuta lissafin shanun Baba: wane mahauci ya ɗauki nawa, ya biya nawa, saura nawa. Duk wanda ya san harkar shanu a Legas ya san yawancin cinikin bashi ne, a ɗauki sa yau, a kawo kuɗi bayan an yanka an sayar. Baba ya leƙo ya ce, "Kai, kar dai ka ce min bashin mutane ya tafi." Na ce, "Baba, a yi min haƙuri zuwa la'asar."

Na kinkime ta zuwa wurin wani mai gyara. Bai ko kwance ta sosai ba ya ce bod ya ƙone, sai an sa wani, ya yanka min kuɗin da ya kusa sayen wata tokumbo sukutum. Allah Ya sa ban biya ba. Wani dattijo ɗan uwanmu da ke gyaran rediyo da talabijin a unguwarmu shi ya zare RAM, ya goge bakinsa da kilinar 'yan makaranta, ya canza wani ɗan batir, kwamfuta ta tashi. Tun daga ranar na dage da koyon abin da ke cikin akwatin nan. Na san da yawa cikinmu, daga Agege da Idi-Araba har Sabon Ibadan da Fatakwal, muna da irin waɗannan tsofaffin injuna a shagunan buga takardu, makarantun Islamiyya da ofisoshin ƙungiya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gane.

Abu na farko da zai kwantar maka da hankali: takardunka ba a kan madabod suke ba. Suna cikin had-dis, wani ɗan akwatin ƙarfe mai nauyi da aka ɗaure a gefe. Ko da madabod ya ƙone ƙurmus, ana iya zare had-dis a jona a wata kwamfutar a kwashe komai. Don haka idan za ka bar injinka a wurin gyara, ka san inda had-dis ɗinka yake, in da hali ma ka cire abinka ka tafi da shi gida.

Shi madabod shi ne babban faifan nan, yawanci kore ko shuɗi, da ke kwance a jikin akwatin. Aikinsa haɗa sauran kaya da raba musu wuta. A wajen tsakiya akwai firosesa, wadda ita ce ke yin lissafin komai, tana ƙarƙashin wani dunƙulen alminiyam mai fanka a kai. Tsofaffin injunan da suka cika kasuwannin tokumbo, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq da aka kwaso daga ofisoshin Turai da Amurka, galibi gida biyu ne. Akwai masu gurbin LGA 775, wanda Intel ya fito da shi a 2004, shi ke ɗaukar Pentium 4 da Core 2 Duo. Akwai kuma masu LGA 1155 na 2011, mai ɗaukar Core i3, i5 da i7 na zubi na biyu da na uku. Firosesar wannan ba ta shiga gurbin wancan. Kuma a duka biyun, siraran allurai a cikin gurbin madabod suke, ba a jikin firosesa ba. Ka taɓa su da yatsa ko bakin sukudireba, ɗaya ta lanƙwashe, to ka jawo wa kanka aiki. Ni shawarata, idan ba dole ba, kar ka ɗaga firosesa daga mazauninta.

Kusa da ita akwai dogayen ramuka biyu ko huɗu na RAM. A nan ne aka fi cutar mutane a kasuwa, kuma a nan ne mu mazauna kudu muka fi samun matsala. DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 gare su, tsawonsu ɗaya, ido ba ya saurin bambanta su. Bambancin yana wurin 'yar tsagar da ke bakinsu, ba a wuri ɗaya take ba, kuma wutar da suke ci ta bambanta: DDR2 na cin bolt 1.8, DDR3 kuma 1.5. Idan RAM ya ƙi zama, kar ka danna da ƙarfi, ba nasa ba ne. In za ka je saye, a Computer Village ta Ikeja ne ko a ina, ka tafi da tsohon a aljihu ka gwada tsaga da tsaga.

To me ya sa RAM ke yawan ba mu wahala a nan? Laima. A gida Arewa ƙura ce babbar abokiyar gaba, a hura ta ta tafi. A Legas ko Fatakwal kuwa iska jiƙe take kusan duk shekara, ga gishirin teku ga waɗanda ke kusa da ruwa. Ƙurar da ta shiga akwati sai ta sha danshi ta dame ta manne, haƙoran RAM masu ruwan zinariya su dushe, wuta ta daina wucewa yadda ya kamata. Alamarsa ita ce abin da ya same ni: fanka na juyawa, babu hoto, wani lokaci da ƙara. Maganin kuma ba shi da wuya. Ka zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki, saboda wutar da jikin mutum ke tarawa tana iya lalata ƙananan kaya. Ka buɗe 'yan maƙallan da ke gefe biyu, RAM zai ɗago. Ka riƙe shi ta gefe, ka goge haƙoran a hankali da farar kilina, ka kaɗe ɓurɓushin, ka mayar har ka ji ƙas a kowane gefe. Idan guda biyu ne, gwada su ɗaya bayan ɗaya, rami bayan rami, ta haka za ka gane ko RAM ne ya mutu ko ramin ne.

Sai ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wanda aka rubuta CR2032 a bayansa. Bolt 3 ne, irin wanda ake sa wa wasu makullan mota da sikelin awo, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Shi ke riƙe agogo da saitin bayos lokacin da babu wuta. A ƙasar da wuta ba ta yankewa, yana daɗewa saboda injin na jone kullum. Mu da NEPA ke ɗaukewa a wuni babu, batirin shi ke ta aiki, sai ya yi saurin ƙarewa, balle injin da ya riga ya shekara goma kafin ya hau jirgin ruwa. Idan ya mutu, kwamfuta za ta riƙa tsayawa tana neman ka danna F1, kwanan wata ya koma shekarun baya. Daga nan sai intanet ta ƙi buɗe shafuka, tana cewa agogonka ba daidai ba ne, mutum ya yi ta zagin masu data alhali laifin batir ne. Wani abin da ya fi wannan tayar da hankali: saitin had-dis a bayos yana iya komawa yadda ya fito daga kamfani, tsakanin AHCI da IDE, sai Windows ta ƙi tashi, ta nuna shuɗin allo. Da yawa a nan ake ce musu sai an yi fomatin, a share musu komai a banza. Ka canza batir, gefen da ke da alamar + yana sama, ka shiga bayos (F2 a Dell, F10 a HP, Delete a yawancin sauran), ka gyara kwanan wata, ka sauya wancan saitin zuwa ɗayan, ka gwada.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce ke kashe madabod da gaske. Akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, yana karɓar wutar bango ya mayar da ita bolt 12, 5 da 3.3. Babbar waya mai baki 24 (tsofaffi sosai 20) tana shiga madabod, sannan wata ƙarama mai baki 4, wayoyinta rawaya da baƙi, tana shiga kusa da firosesa. Mutane na yawan manta wannan ƙaramar bayan sun yi shara, sai inji ya ƙi nuna hoto. Amma abin da nake so kowa ya riƙe shi ne ɗan jan makunnin da ke bayan tsofaffin fawa-fak, mai rubutun 115 da 230. Amurka na amfani da wuta mai kusan bolt 120, mu kuma 230. Injin da ya zo daga can yana iya zuwa a kan 115. Ka jona shi haka, za ka ji fas, hayaƙi ya tashi, in ba ka yi sa'a ba ya tafi da madabod. Kafin ka jona kowace tokumbo, juya bayanta ka tabbata 230 kake gani. Wanda ba shi da makunnin, duba takardar da ke jikinsa, idan an rubuta 100 zuwa 240 to shi ke daidaita kansa. Shi fawa-fak ba a buɗe cikinsa, yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi. Ya lalace, a canza shi kawai.

Ƙaramin janareta ma ba abokin madabod ba ne, musamman lokacin da mai ke ƙarewa yana shaƙewa, ko aka tayar da firiza a layi ɗaya. Sitabilaiza na taimakawa, UPS ya fi, don yana ba ka 'yan mintunan da za ka adana aiki ka kashe da kyau. In an ɗauke wuta, zare waya daga bango, domin dawowarta ce ta fi yin ɓarna. Haka in hadari ya haɗo ana tsawa.

Akwai lokacin da mai gyara ke da gaskiya. Ka haska tocila kan 'yan gwangwanayen da ke tsaye kewaye da firosesa, su ne kafasitoci. Lafiyayya samanta a shafe yake. Idan ka ga ta kumbura kamar gwangwanin da ya lalace, ko wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kanta, ta mutu. Injunan da aka ƙera a farkon shekarun 2000 zuwa wajen 2007 sun yi fama da wannan ciwo sosai. Alamarsa inji ya riƙa daskarewa ko sake tashi da kansa, ko sai an danna sau da yawa kafin ya kama. Ko a nan ma ba lallai a jefar da bod ba. Mai gyaran talabijin da ya iya dalma zai iya cire ta ya sa wata mai lamba ɗaya, in dai ya kula da ƙafar da ke ɗaukar + da mai ɗaukar −. Amma idan ka ga baƙin tabon ƙuna a jikin faifan, ko koren tsatsa ya ci layukan, ko alluran gurbin firosesa sun kwanta, to wannan kam sai haƙuri.

In ya zama dole a canza, ka sani yawancin injunan Dell da HP na ofis ba sa karɓar kowane madabod. Ramukan kusoshi, wayar maɓallin gaba, wani lokaci har bakin fawa-fak, nasu daban ne. Sai ka nemi na irin samfurin daidai. Akwatin da aka harhaɗa a kasuwa shi ne ke karɓar gama-gari, kuma wajen ɗaurawa a tabbata 'yan ƙafafun tagullan nan suna ƙarƙashin kowane rami, babu ko ɗaya a inda babu rami, don kar bayan faifan ya taɓa ƙarfe.

Shara kuma, ni duk wata uku nake yi, don a kara ƙura da gashin dabbobi ba sa ƙarewa. Bulowa da busasshen buroshin fenti sun isa. Ka riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa kar ta yi ta juyawa. Ban da ruwa, ban da tsumma mai danshi, ban da fetur. Kar a ajiye akwatin a ƙasa, a ɗora shi kan tebur ko benci, nesa da bango mai tsattsafo, don kowa ya san yadda ruwa ke shiga shaguna a watan Yuni da Yuli. Kyankyasai na son ɗumin ciki, kashinsu da fitsarin ɓera kuwa suna cin layukan faifai, saboda haka a toshe ramukan bayan akwati da aka cire murfinsu. Idan fanka na ihu kamar za ta tashi sama, inji kuma na mutuwa bayan minti kaɗan, man da ke tsakanin firosesa da alminiyam ne ya bushe. A goge tsohon da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ɗaya. Na taɓa ganin wanda ya shafa man goge baki a wurin, kwana biyu ya bushe ya zama gari.

Sai dai kar in yaudare ku, tsohon inji tsoho ne. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 ba a yi ta don waɗannan injuna ba. Ga rubutu, lissafi a Excel, buga takardu da koya wa yara kibod, Core 2 Duo mai RAM gig 4 yana yi, in ka sa masa SSD a madadin tsohon had-dis ma sai ka rantse sabo ne, tunda bakin SATA ɗaya suke amfani da shi. Amma harkar banki da tura kuɗi ba na yin su a kansa.

Tamu dai tana nan tana aiki, da batirinta sabo da RAM ɗin da aka goge. Abin da ya canza shi ne duk ranar Alhamis ina kwafe lissafin a filas guda biyu, ɗaya a aljihuna ɗaya a gida. Baba kuma ya sa an sayo masa babban littafi mai bango mai kauri, ya ce in riƙa rubuta masa kowane bashi da biro kafin in shigar a na'ura.