Kiwon Kifi da Abin da Ya Rage a Gano

Tirkaniya unguwa ce a kudancin Kogin Kaduna, kusa da Nasarawa da Kakuri. Tun da can masunta ke kama tarwaɗa da karfasa da ƙurungu a wannan kogi. Amma da gari ya cika, masu cin kifi suka yi yawa, ƙazantar birni kuma tana gangarawa cikin ruwa. Kifin kogi ya kasa isar jama'a. Saboda haka waɗansu suka shiga kiwonsa a kududdufi ko a kwarmin siminti, kamar yadda ake kiwon kaji.

Wannan sana'a ba yau ta fara ba. A 1951 aka soma gina gonar kifi a Panyam, cikin ƙasar Filato. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, sai aka kafa wurin binciken kifi a Sabuwar Bussa, har yanzu kuwa masana na aiki a can.

To, me suke nema?

Na farko, iri. Tarwaɗa ba ta son yin ƙwai a tsare, sai da damina cikin ciyawar da ruwa ya malale. Masana sun gano dabara: a yi wa uwar allura, a tatse ƙwan, a ƙyanƙyashe. Amma 'ya'yan da yawa kan mutu tun suna ƙanana, manyansu kuma kan cinye na bayansu. Ana bukatar hanyar tsirar da su.

Na biyu, abinci. Fiye da rabin kuɗin da mai kiwo ke kashewa a abinci yake tafiya. In abincin ya yi tsada, riba ta gudu, iyali su sha wahala. Don haka ake gwada dusa da waken suya da ƙuliƙuli, a ga haɗin da ya fi gina jikin kifi da arha.

Na uku, ruwa. Kifi da iskar da ke cikin ruwa yake numfashi. In ragowar abinci ta ruɓe, iskar ta ragu, mai kiwo yana iya wayar gari ya tarar da dukiyarsa tana yawo ciki sama. Sanyin hunturu kuma kan hana kifi cin abinci.

Sa'an nan ga jatan lande, wanda ake kawowa busasshe daga bakin teku don miya. A Sin da Amurka ana kiwon wani ɗan'uwansa a gonakin shinkafa. Irin na kogunan Nijeriya kuwa, 'ya'yan waɗansunsu ba su rayuwa sai a ruwa mai ɗan gishiri, shi ya sa kiwonsu a Arewa ke da wuya.

Duk wannan aiki ne na haƙuri: a auna, a ƙidaya, a rubuta, a sāke gwadawa. Yaron da ya iya lura da lissafi tun yana makaranta, shi ne zai iya shi gobe.

Tambayoyi
1. Don me aka shiga kiwon kifi?
2. Me ke rage iskar da ke cikin ruwa?
3. Ina ake binciken kifi a Nijeriya?