Cinikin Biri a Sama: Sayen Rolex na Hannu a Intanet

Duk wanda ya tashi a Jarwal ya san agogo ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu sun daɗe suna raka alhazan Kano da Maraɗi kasuwa su sayi Seiko 5 ko Rado na tsaraba, a riƙe a hannu, a kara a kunne, a yi ciniki ido da ido. Mu kuwa namu zamanin ya bambanta. Samari sun koma Haraj da Instagram, kowa na neman Rolex ko Omega na hannu, ya tura dubban riyal ga mutumin da bai taɓa gani ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Abin da ya sa na ɗauko maganar: da na dawo hutu daga Ingila, wani ɗan unguwarmu ya nuna mini hotunan Datejust da wani dillali ya yi masa tayi. Kuɗin da ya tara na lefe ne zai zuba a ciki, wai kadara ce, in ya tashi aure sai ya sayar da riba. Dillalin ya ce asli ne, har da kwali da kati, amma a tura arbun yau domin akwai wani mai so. Na ce ya tambaye shi ko zai yarda a haɗu wajen mai gyaran agogo a Jidda a buɗe bayansa. Tun daga nan wayar dillali ta daina shiga.

To, me ake dubawa? Na farko, lambar agogon. A tsofaffin Rolex tana ɓoye a jikin ƙarfen ta wajen ƙarfe 6, sai an cire sarƙa ake ganinta. Daga wajajen 2005 kamfanin ya fara zana ta a zoben da ke kewaye fuskar agogon ta ciki. Dole lambar ta yi daidai da ta katin garanti. Tun 2010 kuma lambobin a gauraye suke zuwa, ba sa nuna shekarar ƙira, don haka katin ya ƙara daraja. Amma ku sani, kwali da kati ma ana buga na jabu, ana kuma sayar da na gaske su kaɗai.

Na biyu, gilashi. Ƙullutun da ke kan kwanan wata yana ƙara girman lambar ninki biyu da rabi. In ta fito 'yar mitsitsiya, akwai magana. Tun wajajen 2002 akwai kuma ɗan tambarin kambi da aka zana a gilashin ta wajen ƙarfe 6, wanda da ƙyar ido yake kama shi. In ka hango shi ɓaro-ɓaro daga nesa, ka ja da baya.

Na uku, hannun sakan. Injin yawancin Rolex na yanzu yana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 8 a sakan, shi ya sa hannun yake tafiya sumul. Yayyenmu da wannan suke gane taƙlid. Yanzu kam masu jabu sun kwaikwayi wannan ma, har da nauyin ƙarfen. Hoto da bidiyo suna iya tona asirin jabu mai araha, amma ba sa tabbatar da na gaske. Sai an buɗe ciki, ƙwararre ya ga injin, ya ɗora shi a na'urar auna bugu.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu 'yan nan: agogo mai lambobin Larabci ko mai tambarin takubba da dabino. An yi na gaske, sarakunan yankin nan sun bayar da su kyauta, kuma suna da tsada a wajen masu tarawa. Saboda tsadar ne ake ɗaukar agogo na gaske a sake masa fenti a fuska, ko a harhaɗa kayan agogo uku a fitar da ɗaya. Kada wani ya ce idonsa ya fi ƙarfin wannan. A Nuwamban 2021 an yi gwanjon wani Omega Speedmaster na 1957 a Janeba a kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, kuma kamfanin Omega ne da kansa ya saya. A 2023 ya fito ya ce ashe haɗe-haɗe ne. In an yi wa maƙerin, ina ga ni da kai?

Ba wai na ce a daina saye ba ne, a dai bi ta ƙofa. A ƙarshen 2022 Rolex ya fara shirin sayar da nasa na hannu ta wajen wakilansa, da shaidar kamfani da garantin shekara 2. Ya fi tsada, amma sayen nagari mayar da kuɗi gida. Chrono24 yana riƙe kuɗin mai saye har sai agogo ya iso hannunsa. eBay ma tun 2020 yake bi da agogo masu tsada ta wajen masu tantancewa a wasu ƙasashe. Ana kuma iya bincika lambar a The Watch Register, domin agogo yana iya zama asli kuma na sata. In daga waje za a aiko, ka lissafa da harajin kashi 15 cikin 100 da kuɗin kwastan kafin ka ce ka samu araha.

In kuwa a Haraj ne, ga sharuɗɗa uku. Ba arbun kafin gani. A haɗu a shagon mai gyara wanda kai ka zaɓa. A biya ta banki zuwa asusu mai sunan mai kayan, a rubuta rasit da lambar agogon a jiki. In shago ne ya cuce ka, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙara a lamba 1900. Da yawanmu ba ma son shiga ofis, 'yan damfara kuma sun san da haka.

Wanda ya ƙi sharuɗɗan nan, halas, a bar masa kayansa. Casio ɗinka ma zai kai ka sallah a kan lokaci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.